Wai "ɗan ƙaramin gyara ne", kwana 3 kenan ban yi barcin kirki ba

Wallahi duk wanda ya gina wa ofis shafin intanet ya karɓi kuɗinsa ya tafi bai bar ko layi ɗaya na bayani ba, Allah ya isa kawai zan ce. Shafinmu a kan Apache Cocoon, wata manhajar gina shafukan intanet, aka ɗora shi tun kafin in fara aiki a nan, rubutun na cikin fayilolin XML, XSLT (yaren da ake rubuta ƙa'idojin juya XML da shi) ke juya su su koma HTML, wato shafin da mutane ke gani, komai kuma sai ya bi ta sitemap.xmap, fayil ɗin da ke tsara bututun matakan da kowane shafi ke bi. Oga ya leƙo ranar Litinin yace malam ɗan ƙara mana sashen sanarwa mana, ai minti goma ne. Minti goma fa!

Na rubuta XSL ɗina, wato fayil ɗin ƙa'idojin XSLT, tsaf, na buɗe shafi, sai ga rubutu tsirara a cakuɗe, ba kanu ba tebur ba komai, kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya, error.log shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Yini guda ina zargin kaina. Ashe mutumin nan ya saka xmlns, wato alamar da ke sa sunayen cikin fayil a ƙarƙashin wani rukuni na daban, a saman fayilolin bai gaya wa kowa ba, shi kuwa XSLT 1.0 in abu na ƙarƙashin xmlns to match="labari" ba zai taɓa kama shi ba sai ka ba shi laƙabi ka kira shi da laƙabin, in bai samu abin da ya dace ba kuma ba ya kuka, ƙa'idojinsa na asali yake bi ya zubo maka zallar rubutu ya yi gaba abinsa. Da XSLT 2.0 ne da xpath-default-namespace layi ɗaya ya kashe maganar, amma Xalan ne injin XSLT ɗin da ke kan sabar, shi kuma a 1.0 na 1999 ya tsaya, in sauya zuwa injin Saxon mai gane 2.0 kuwa wa ya san me zai rushe.

To na gyara wannan, na sabunta shafi, tsohon dai nake gani. Na sake gyarawa, shi dai. Har na fara tunanin ko ba fayil ɗin nake taɓawa ba, ashe babban fayil ne ya jawo nawa da xsl:import, injin kuma ya riƙe tsohon a ma'ajiyarsa, sai da na kashe Tomcat, manhajar sabar da Cocoon ke gudana a kai, na kunna sannan ya gani. Kowane gwaji kashe ka kunna, ga janareta na cin mai, ga oga na leƙowa yana "yaya dai, an gama?"

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne haruffanmu. Ƙ da ɗ da ɓ duk sun koma wasu alamomi kamar rubutun aljanu, "ƙasa" ba ta karantuwa. Na sa UTF-8, tsarin haruffan da ke ɗauke da namu, a xsl:output, ko gezau, don a Cocoon ba XSL ke fitar da shafin ƙarshe ba, matakin ƙarshe na bututun ne, can cikin sitemap ake gaya masa. Da na je wurin me zan gani, mutumin ya bar shi a ISO-8859-1, tsarin da ko ƙ babu a cikinsa, shi ya sa duk tsofaffin labaranmu aka buga su ba lanƙwasa, shekara da shekaru ana ɗora wa masu buga rubutu laifi.

Na kira lambarsa sau 6, a kashe. Yanzu kuma oga yace tunda na gano bakin zaren in bi tsofaffin labaran ɗaya bayan ɗaya in mayar musu da lanƙwasarsu kafin Juma'a.