Minista kuma? Ku fara biyansu tukuna

Tun jiya nake danne zuciyata, abin ya ƙi dannuwa. Kun dai ga hotunan: 'yan mazan jiya sun sake shimfiɗa tabarmi a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja, wasu na dogara sanda, suna neman haƙƙin da suka riga suka yi wa gumi. Kafin a ce kwabo sai ga masanan Facebook da maganinsu na kullum, wai a kafa wa tsofaffin sojoji ma'aikata ta musamman da minista, kamar yadda Amurka ta yi. To madalla. Yaro na kukan yunwa, an ce a ɗinka wa mai rabon tuwo sabuwar riga.

Tunda Amurkar kuke kafa hujja da ita, mu je can. Kujerar da kuke magana, wadda su suke kiran mai ita sakataren harkokin tsofaffin sojoji, sai a 1989 ta samu. Shugaba Reagan ya sa wa dokar hannu a 1988, ma'aikatar ta fara aiki a watan Maris na 1989, Edward Derwinski ne ya fara hawa. Ku lissafa da kanku: yaƙin basasarsu, yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, Koriya, Biyetnam, duk an yi an gama babu wannan kujera a majalisar ministoci. Kujera ba ta biyan fansho, jama'a.

Ofis kam sun daɗe da shi, kuma ga yadda ya fara. A 1921 shugaba Harding ya ɗora abokinsa Charles Forbes a kan sabuwar hukumar tsofaffin sojoji. Me bawan Allah ya yi? Ya riƙa cin na goro a kwangilar gina asibitoci, ya kwashe zannuwan gado da kayan jinya daga sito ya sayar a banza, alhali waɗanda suka dawo daga yaƙin duniya na ɗaya a Faransa da huhun da iskar guba ta ƙona suna kwance suna jira. Ƙarshenta an yanke masa ɗaurin shekara biyu. In wannan labarin bai yi muku kama da na gida ba, ban san garin da kuke zaune ba.

A 1930 shugaba Hoover ya haɗe hukumomin tsofaffin sojoji wuri guda, ya yi musu suna mai daɗin ji. Shekara biyu kacal bayan haka dubban tsofaffin sojoji suka yi sansani a Washington, da mata da yara, cikin bukkokin kwali da langa-langa, suna roƙon a ba su kuɗin da aka yi musu alkawari aka ce sai 1945. Talauci ya ci ƙasar, wa zai jira 1945? Amsar da suka samu a watan Yuli na 1932 ita ce Janar MacArthur da tankoki da barkonon tsohuwa, aka cinna wa bukkokin wuta. Sojan da ke cikin kaki ya kori wanda ya tuɓe kaki. Duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, domin yaron da ke gadin ƙofar nan ta Abuja da bindiga, shi ma wata rana tabarmar zai shimfiɗa.

To me ya sa aka biya su? A zaɓen shekarar Hoover ya sha ƙasa. A 1936 majalisa ta tsallake ƙin amincewar shugaba Roosevelt ta ce a biya, aka biya. A 1944, don gudun kada a maimaita abin kunya, aka yi dokar da ta ɗauki nauyin karatun miliyoyin waɗanda suka dawo daga yaƙi, ta kuma tsaya musu wajen rancen sayen gida. (Baƙar fatarsu, musamman a kudu, an yi musu ƙwange a rabon, wannan kuma zancen wata rana ne.) Doka ce, da kuɗi a kasafi, da ƙungiyoyin tsofaffin sojoji masu ƙuri'a waɗanda ɗan siyasa ke tsoro. Ministan fa? Ba a ma yi mafarkinsa ba.

Na san wani zai ce ai minista yana zama kusa da shugaban ƙasa, zai kai kuka kai tsaye. Haba malam. Ministan tsaro a ina yake zama, bayan gari? Wani kuma zai ce Afirka ta Kudu ma tana da sashe na musamman. Allah ya ba su alheri, ni ba suna nake tambaya ba. A 2014 Amurka na da ministan, kuma ba ƙaramin mutum ba, Eric Shinseki, janar mai tauraro huɗu da ya baro wani sashe na ƙafarsa a Biyetnam. A ƙarƙashinsa aka gano asibitin ma'aikatar a birnin Phoenix yana ɓoye jerin marasa lafiya masu jiran likita don alƙaluma su yi kyau, wasu har suka mutu suna jira. Abu ɗaya da zan yaba shi ne mutumin ya ajiye aiki. A nan da an ce 'yan adawa ne suka ɗauki nauyin gawarwakin.

Ina da kawu, Allah ya ji ƙansa, da ya yi yaƙin basasa. Takardunsa a cikin wata jakar leda ta shinkafa yake ajiyewa, ya naɗe da tsumma, ya tura ƙarƙashin katifa. Duk sanda aka ce tantancewa, sai ya goge takalmi da dare, ya ranci kuɗin mota, ya tafi wani ofis ya yini a layi don ya tabbatar musu bai mutu ba. Ya dawo ya ce mana, "Sun ce fayil ɗin yana sama." Har ya koma ga Mahaliccinsa fayil bai sauko ba. Ku gaya mini, da an naɗa minista, an saya masa jerin motoci da jiniya, an ba shi mataimaka na musamman goma, wane tsani zai sa ya sauko da fayil ɗin Kawu? Hukumar fanshon soja tana nan. Ƙungiyar 'yan mazan jiya tana nan. Ofis bai taɓa yi mana ƙaranci ba. Ku biya su kawai.

Af, tunda an zo nan. Kowace 15 ga Janairu manya kan taru a Abuja, a ajiye furanni, a busa bigila, a saki fararen tantabaru. Kun tuna 2021 da aka buɗe keji tantabarun suka ƙi tashi, har Buhari ya ɗauki ɗaya ya cilla sama ta dawo ta zauna? Ni fa har yau ina son sanin wa ke da kwangilar kawo tantabarun nan, kuma ko shi ana biyansa a kan lokaci.