Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as

Ni ban kira sunan kowa ba, amma wlh abin da na gani jiya bayan isha'i ya ɓata min rai. Yarinya 'yar aji shida a nan Shara Mansur a Makka ta zo min da littafinta tana murna, wai wani malamin lesin ya koya musu sirri, duk lambar da ka rubuta da tushen biyu irin na kwamfuta ta fito 1 zalla to adad awwali ce, wato babu mai raba ta sai 1 da ita kanta. Haba bawan Allah! Don ka ga 11 ta ba da 3, 111 ta ba da 7, 11111 ta ba da 31 shikenan sai ka yanke hukunci? To 1111 fa da ka tsallake, ai 15 ce, riyal 15 yara uku su raba biyar biyar ba ko faɗa. Ko ka ce sai yawan ɗayoyin ya zama awwali, jera guda 11 ka gani, 2047 ce, 23 sau 89.

Kuma kai ne ke bin gidajen iyayen yara kana cewa wasu tsofaffin yayi ne, alli kawai suka sani ba su iya laftof ba. Eh alli muka sani, da shi muka gane cewa lamba ba ta sauya hali don ta sauya riga, 13 ko ka rubuta ta 1101 da tushen biyu ko 11 da tushen sha biyu tana nan 13 ɗinta ba mai raba ta. Haka 111 ta lissafinmu na yau da kullum 3 sau 37 ce, kama da wancan 7 ɗin a ido ne kawai.

Masu neman irin waɗannan lambobi na Mersenne (wato adad awwali da ke fitowa 1 zalla da tushen biyu) da gaske shekaru suke yi suna gwaji da kwamfutoci, wadda aka gano a Oktoban 2024 alƙalumanta sun haura miliyan 41, kai kuma misali uku sun ishe ka karɓar kuɗin wata. Iyayen nan wasu a kasuwa suke wuni, wasu tura keken alhazai suke a Harami kafin su haɗa kuɗin lesin ɗin nan.

Yarinyar dai ta goge shafin da hannunta, ta ce gobe za ta tambayi malam 1111 a gaban 'yan ajin.