Waya ba ta san ranar da ba ka zo coci ba

Wani ƙanena da ke aiki a cikin garin Katsina ya daina zuwa sujadar Lahadi. Da na tambaye shi, sai ya ce: "Yaya, ai ina bin wa'azi a YouTube, kuma faston can ya fi namu iya magana." Iya magana kam na yarda. Amma da ya ce wannan ya ishe shi, nan muka raba gari.

Kalmar ikilisiya da muke faɗa kullum daga Helenanci ta fito, ma'anarta taron jama'a da aka kira. Majami'a kuwa Bahaushe ba ya buƙatar fassara. Luka ya ce shiga majami'a ranar Asabar al'adar Yesu ce. Masu bi na farko a Urushalima, in ji Ayyukan Manzanni sura 2, sun lizimci koyarwa da zumunta da gutsura gurasa da addu'a, kuma a cikin huɗun nan akwai biyu da mutum ɗaya ba zai taɓa iya yi ba. Wa ya taɓa cin Jibin Ubangiji, wato gurasar da masu bi ke gutsurawa tare don tunawa da mutuwar Yesu, shi kaɗai a ɗaki? Ƙauracewar ma tsohon ciwo ce, tun da Ibraniyawa 10:25 ta yi kashedi ga waɗanda suka saba barin taro. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa buƙatar dogon bayani a nan, su da suka san falalar jam'i.

Ƙanen nawa yana da hujja, ba zan ɓoye ba. Yesu ya ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa a yi addu'a a ɓoye. Kuma wani taron namu yana gajiyarwa: sanarwa ta fi wa'azi tsawo, a karɓi baiko sau uku, a kira sunan wanda ya ba da mai tsoka. Manzo Bulus ma ya ga irin wannan a ikilisiyar birnin Koranti, inda masu hali ke cinye abinci su bar talaka da yunwa a wurin Jibi. Sai dai bai ce kowa ya koma gidansa ba. Cewa ya yi ku jira juna, a yi kome bisa tsari. Har baikon ya tsara: ranar farko ta mako, kowa gwargwadon samunsa.

Mu Kiristocin jihar nan ba mu da yawa, kuma a warwatse muke. A ƙauyukan Malumfashi da Kafur, coci ne wurin da manomi da bai yi boko ba ke jin Littafi Mai Tsarki da harshensa. Tun 1932 aka buga shi cikakke da Hausa, amma yawancin kakanninmu da kunne suka karɓe shi, da waƙar da ake maimaitawa har ta zauna. A can ne Zumuntar Mata ke sanin wadda ta haihu, da gwauruwar da hatsinta ya ƙare tun kafin kaka. Lokacin kullen korona a 2020 mun ɗanɗana rashin wannan. Yanzu kuma 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka, wanda ya gudo birni ba shi da kowa, coci yake fara nema. Irin waɗannan tarurrukan ne suka yi ta ƙaruwa har aka ba Katsina dayosis ɗin Katolika nata, wato yankin da bishop ke shugabanta, a 2023, aka naɗa Gerald Mamman Musa bishop na farko.

A garin Taruwasa, in ji Ayyukan Manzanni, wani saurayi ya yi gyangyaɗi saboda tsawon wa'azin Bulus, ya faɗo daga hawa na uku. Gajiya da wa'azi ke nan tun zamanin manzanni! Amma a cikin mutane ya faɗi, nan take aka sauka aka ɗauke shi.

Watan jiya zazzaɓi ya kwantar da ƙanena kwana biyar. Wata dattijuwa ce ta lura ta daɗe ba ta gan shi a bencin baya ba, ta tambayi gidan, ta zo masa da kunu a kwano.