Murhun ƙarfen gidanmu na Bukuru

Tun shigowar sanyin nan wani hoto ke yawo a Facebook: tukunya a kan garwashi, yara sun kewaye ta suna jin ɗumi, an rubuta wai rayuwar da ta fi daɗi. Masu yabon kusan duk maza ne, kowa na cewa abincin gawayi daban ne, gas ya ɓata mana girki. Ban ƙi ba, shinkafar da ta turara a kan garwashi tana da ɗanɗanonta. Amma ni da na fara kwasar toka tun ina 'yar shekara bakwai ina da abin faɗa, ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

A Bukuru aka haife ni a 1957, lokacin kuza tana tashe. Babanmu kuku ne a gidan wani Bature injiniyan kamfanin haƙar kuza. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu bayan an sami 'yancin kai, sai ya ce Baba ya zaɓi abu ɗaya cikin kayan gidan. Akwai rediyo, akwai keke. Baba ya ce murhu yake so. Ƙarti shida suka ɗora shi a amalanke suka turo shi har ƙofar gidanmu, unguwa ta fito kallo. Inna ta leƙo ta ga baƙin abu kamar akwati mai ƙafa huɗu, ta ce, "Malam, yanzu duk kayan gidan nan ƙarfe ka gani? Shi za mu ci?" Baba bai tanka ba. Washegari ya kira magini, aka huda kwanon rufin kicin, aka zura dogon bututu daga bayan murhun har ya leƙa sama.

Ƙarfen zubi ne, a jikin ƙofarsa an rubuta Dover. Samansa a shimfiɗe yake da ramuka masu murfi zagayayye, ana ɗaga murfin da wani ɗan ƙugiya. A gefe ɗaya gidan wuta, ƙasansa aljihun toka, a ɗaya gefen kuma wurin gashi mai ƙofa. Akwai wani ɗan hannu kusa da bututun: in ka ja shi wuta ta miƙe sama ta kama da sauri, in ka tura shi zafin ya zagaya ta jikin wurin gashin kafin ya fita. Baba ne kaɗai ya san kansa da farko. Shi ya koya wa Inna, ita kuma ta koya mana da rankwashi.

Kwal muke sa masa, ba gawayi ba. Yaran yanzu suna haɗa su, alhali gawayi itace ne da aka turara, kwal kuwa dutse ne da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa. Namu daga Inugu yake zuwa. A wajen Udi aka gano shi a 1909, saboda shi aka ja layin dogo daga Fatakwal zuwa Inugu, daga baya layin ya haura arewa ta Makurɗi da Kafanchan har ya iso Bukuru da Jos. Da shi jiragen ƙasa ke tafiya a lokacin. Mu yaran unguwa da kwanon sha muke bin gefen layi bayan jirgi ya wuce, muna tsintar wanda ya zubo daga tarago, mu dawo hannu da ƙafa baƙi ƙirin. Baba ya kan ce mu riƙa ɗaukarsa da daraja, don mutane ke shiga rami su fito da shi, kuma ya ba mu labarin leburori 21 da 'yan sandan Turawan mulki suka harbe a mahaƙar Iva a watan Nuwamba na 1949 saboda sun nemi haƙƙinsu. Sai da na girma na karanta na ga haka abin yake.

Kwal ba ya kamawa da ashana. Sai ka fara da takarda da ƙirare, ka ɗora ƙananan itace, in sun kama sosai sannan ka jera shi ɗaya bayan ɗaya. In ka yi gaggawa ka zuba da yawa ya danne wutar, ka koma farko, ga Inna tsaye a kanka. Aikina shi ne asuba. Kafin a kira salla na jawo aljihun toka na kai bayan gida, na girgiza ragar, na ciro ƙeƙasassun duwatsun da suka ƙi cinyewa. Wanda bai san sanyin Filato a Disamba da Janairu ba ba zai gane ba. Ƙasa ce mai tudu, sama da mita 1,200, ruwan randa kamar ya yanke maka yatsa, ƙafa duk faso. Amma da zarar ƙarfen nan ya ɗauki zafi, shi ke nan. Ba kamar wutar kara ba da za ta gasa maka fuska bayanka na daskarewa. Zafinsa a hankali yake ratsa bango, har ɗakin Inna da ke jingine da kicin. Kullum akwai garwa cike da ruwa a kansa, ba a taɓa yin alwala da ruwan sanyi a gidanmu ba. Dutsen gugar Baba a nan yake zama. Kayan makarantarmu a igiyar da ke samansa suke bushewa. Da dare a rufe wutar da toka, da safe a tona a sami ja a ciki.

Mu kan jefa dankalin Turawa a wurin gashin, mu ɓare da zafinsa mu barbaɗa ƙuli da gishiri. Ranar Juma'a Baba na gasa burodi, ƙamshinsa har bakin titi. Akwai wata maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Ibo, matar wani ma'aikacin reluwe, da take kawo kwaɓinta a gasa mata, ta bar mana biyu. A 1966 suka tafi cikin tashin hankalin da aka yi, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Gwangwanayen gashinta sun daɗe a kan shantar Inna, ba ta bari a taɓa.

Abu ɗaya murhun ya kasa: tuwo. Tukunyar ƙasa gindinta a zagaye yake, ko an cire murfin an zaunar da ita a ramin, tsayin murhun ba ya bari mace ta danne ta ta tuƙa yadda ya kamata. Don haka Inna ba ta taɓa rabuwa da murhunta na duwatsu uku a rumfar tsakar gida ba. Miya da shayi da ruwan zafi a ciki, tuwo a waje. A nan na ga bambancin da ya sa nake wannan rubutu. A cikin kicin bangonmu fari ne, mutum ya wuni bai yi tari ba, hayaƙin ya san hanyarsa, ta bututu yake bi ya fita. A rumfa kuwa kunkunniya ta yi baƙi tana reto daga rufi, Inna tana durƙushe tana hura ɗanyen itace da baki, hawaye na zuba, majina na zuba, ƙanina a goye a bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa. Da yaƙin basasa ya tashi a 1967 kwal ya yanke, muka koma sa wa murhun itace. Bai ƙi ba, kuma kicin ɗin bai yi hayaƙi ba. Ashe sirrin ba a kwal yake ba, a bututun yake.

Inna ta rasu da tarin da ya ƙi jin magani, idonta ɗaya ya daɗe da dushewa, Allah Ya jiƙanta Ya sa ta huta. Ba ta taɓa riƙe taba ba a rayuwarta. Likitan da ya duba ta ya tambaye mu shekara nawa ta yi tana girki da itace. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida yana sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3 a shekara, kuma mata da ƙananan yara suka fi shaƙarsa. Ni ba sai an kawo min lissafi ba, na ji tarin da kunnena cikin dare.

Shi ya sa hoton nan yake sosa min rai. Wanda yake kewar wuta, yawanci shi ne wanda aka kawo wa ɗumame da ruwan wanka, ba wadda ta hura ba. Kuma komawar da ake yi ga gawayi yanzu ba son al'ada ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗi ya faɗi, komai ya tashi, gidaje da yawa sun jingine tukunyar gas a lungu, kananzir kuwa ya fi ƙarfin talaka tuntuni, risho ya zama kayan tarihi. Mun taɓa ganin irin haka a shekarun 1990, lokacin da murhun da ake kira Abacha ya shiga kowane gida. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma a daina yi wa wahala kwalliya.

Hunturun da ya wuce na je Kano wajen 'yata. Gidan haya ne, ciki da falo, kicin ɗin bai fi faɗin tabarma biyu ba, da 'yar taga a sama an toshe ta da kwali saboda ƙura. Na same ta da kurfoti biyu a ciki ta rufe ƙofa. Ta ce, "Mama, kwana biyu kaina ke sarawa, ko maleriya ce." Da dare kuma na ga ta ɗebi garwashi a kasko za ta kai ɗakin yara. Na karɓe na watsa masa ruwa. Ta ji haushi, ta ce ai kowa haka yake yi. Gaskiyarta, kowa haka yake yi, kuma kusan duk hunturu sai an ji gidan da aka ɓalle ƙofa aka tarar da mutane ba rai, ko daga garwashi ko daga janareta. Garwashi da ya yi ja, wanda ba ya hayaƙi, shi ne ma ya fi yaudara. Yana fitar da wata iskar guba da likitoci ke kira kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Jini ya fi kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau ɗari biyu da wani abu. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ta sa shi barci mai nauyi, daga nan sai yadda Allah Ya yi. In kun tarar da wani a haka ku fito da shi sarari ku nufi asibiti. Ku bar ɗura masa manja ko madara, wanda ba ya cikin hayyacinsa shaƙewa zai yi.

Wani zai ce to a dawo da kwal mana, tunda ga shi a Maiganga ta Gwambe, ga shi a Anu Araren ta jihar Agadas a Nijar, inda har an yi ƙoƙarin sarrafa shi don girkin gida a rage sare itace. Na fahimci masu wannan magana, duk wanda ya ga buhunan gawayi jere a bakin hanya ya san kirya da marke nawa aka kwantar, har kaɗanya ba a bari. Amma ni da na san warinsa ba zan yi masa shaidar zur ba. Gida ɗaya ne a unguwarmu yake ƙona shi, iskar Filato tana kwashe hayaƙin. Landan da kowane gida ke ƙonawa, a Disamba 1952 hayaƙin ya haɗu da hazo ya zauna a kan birnin kwana biyar, aƙalla mutum 4,000 suka mutu, har sai da aka yi dokar tsaftace iska a 1956. Ku auna Kano a cikin hazon Janairu da kwal a kowane gida. Gas ya fi, in an same shi da rahusa, kuma abin kunya ne ƙasar da ke ƙona shi a banza a rijiyoyin mai matanta suna hura wuta da baki.

Amma kafin gas ya sauko fa? Tambayata ga magidanta da magina ke nan. Za a gina gida a sa tayil har bango, a yi silin mai fitilu kala-kala, a kashe kuɗi a ƙofar gida, kicin kuwa sai abin da ya rage na fili, a lungu, kusa da banɗaki, taga kamar ta kurkuku. Ban taɓa jin maigida ya tambayi magini ta ina hayaƙi zai fita ba, don ba shi zai tsaya a ciki ba. Babanmu bai yi boko ba, amma ya yi shekaru a gaban wuta, shi ya sa da aka ba shi zaɓi ya bar rediyo. Maƙeranmu da masu walda da suke ƙera injin markaɗe da ƙofofin ƙarfe masu ado ba za su kasa akwatin ƙarfe mai bututu ba. Ba a tambaye su ba ne.

Namu murhun ya tsage a gefen gidan wuta bayan rasuwar Baba, yayyena suka sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo ina gidan miji, sai labari na ji. Hudar da aka yi masa tana nan a rufin tsohon kicin, an ɗora mata guntun kwano an danne da dutse.

Na cire wa 'yata kwalin tagar, na sa mijinta ya fitar da kurfotin baranda, na saya wa jikokina barguna biyu a Kantin Kwari. Amma baranda ba ta damina ba ce. In akwai mai walda a Ƙofar Ruwa ko a Dilimi ta Jos da zai iya ƙera min ƙarami, mai rami biyu da aljihun toka da bututu, wanda bai fi gwiwa tsayi ba yadda za a iya tuƙa tuwo a kansa, ya yi min magana. Zan zana masa a takarda, har ɗan hannun da ake ja ban manta inda yake ba.