Jarrabawa tana hannunka, dosiye yana hannun mutane

Duk shekara, daga watan Yuni zuwa Janairu, akwai matasan da ke ɓacewa daga fada a Yamai. Wasu ma'aikatan banki ne, wasu na kamfanonin waya ko ƙungiyoyin agaji, wasu kuma yanzu suka kammala lisans a sashen tattalin arziki na Jami'ar Abdou Moumouni, ko suka sauko daga Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua. In ka tambaya sai a ce maka wane yana shirin jarrabawa, makarantar koyon kasuwanci zai nema a waje. Himmar tana burge ni. Yadda ake raba lokacin ne ban yarda da shi ba: watanni ga jarrabawa, ragowar mako biyu ko uku ga dosiye, wato tarin takardun neman shiga makarantar. Ga ɗan Nijar, an juya abin ne. Takardun da ya bari sai ƙarshe su suka fi cin lokaci, kuma su ne ba shi da iko a kansu.

Na san dalilin da ya sa jarrabawa ke cinye hankali. Tana da maki, maki kuwa ana ganin hawansa da saukarsa. GMAT, wadda manyan makarantun kasuwanci na Amurka da Turai suka fi nema, ta sake fasali tun watan Nuwamban 2023: awa 2 da minti 15, tambayoyi 64 a kashi uku, kowane kashi minti 45. Akwai lissafi, akwai fahimtar rubutu da auna hujja, akwai nazarin alƙaluma da jadawali. Maki yana tashi daga 205 ya tsaya a 805. Kwamfuta ce ke zaɓo maka tambaya gwargwadon yadda ka amsa ta baya, kuma a kashin lissafi ba a yarda da na'urar lissafi ba. Takwararta GRE, wadda makarantu da yawa ke karɓa a madadinta, an rage ta zuwa ƙasa da awa 2 tun Satumban 2023. Mai neman makarantun Faransa kuma yana da TAGE MAGE, tambayoyi 90 cikin Faransanci, a kan maki 600. Wanda ya zauna kan irin waɗannan tambayoyi bayan sallar isha'i yana kwanciya da jin cewa yau ya yi aiki. Wanda ya wuni yana bin sawun takardar sakamakonsa daga ofis zuwa ofis, aka ce masa ya dawo jibi, ji yake ranar ta tafi a banza, alhali shi ne ya fi matsawa kusa da makarantar.

Mu duba kalandar. Yawancin manyan makarantun Amurka suna karɓar takardu ne zango-zango: na farko a Satumba, na biyu farkon Janairu, na uku wajen Afrilu. Harvard ma zango biyu kawai take yi. INSEAD a Faransa tana ɗaukar ɗalibai sau biyu a shekara, kowane ɗauka da ranakunsa. Ranar rufewa kuma da agogon makarantar ake auna ta, ba da namu ba. Ƙarfe 12 na rana a Boston cikin Satumba, ƙarfe 5 na yamma ne a Yamai. Wanda ya ce zai bari sai dare ya tura, ya tarar an rufe.

To, me ake so ya shiga kafin wannan lokaci? Takardun sakamako na kowace shekara ta jami'a. Shaidar digiri. Fassararsu zuwa Ingilishi daga hannun mai fassarar da hukuma ta amince da shi, wani lokaci har da tantancewar wani kamfani na waje da zai daidaita makinmu na kan 20 da nasu tsarin. Wasiƙun shaida, galibi biyu, daga shugabanka na wurin aiki ko tsohon malaminka. Fasfo mai sauran kwana. Sakamakon jarrabawar Ingilishi, TOEFL ko IELTS, ga wanda ya yi karatunsa da Faransanci, wato kusan dukanmu. Rubutun da za ka bayyana ko kai wane ne da abin da kake son yi. Sai kuɗin dosiye, wanda ake biya da katin banki mai aiki a intanet. Makarantun yankinmu kuma sukan ƙara da takardar haihuwa, ta ɗan ƙasa, da kofe-kofen da aka buga wa hatimi a ma'aikatar magajin gari, wani lokaci da takardar kotu mai nuna ba ka da laifi, wadda wata uku kawai take yi ta mutu.

A cikin wannan jeri, in ka cire rubutunka, babu abin da za ka iya gamawa kai kaɗai cikin dare ɗaya. Kowanne sai wani ya sa hannu. Ga kuma inda kalandarsu ta yi karo da tamu: zangon Satumba yana nufin a watan Agusta kake neman malamai da ma'aikatan jami'a, lokacin da ake hutu, wani ya tafi garinsu, wani yana gona. Shekarar karatu a jami'o'inmu na gwamnati ta sha zarce lokacinta, don haka mai jiran shaidar kammalawa ba ya iya rantsuwa kan ranar da za ta fito. Wanda ya yi karatu a Tahoua yana aiki a Yamai kuwa, tsakaninsa da takardarsa akwai tafiyar fiye da kilomita 500, ko kuma ɗan'uwan da zai roƙa ya je ya tsaya masa.

Wasiƙar shaida ta fi komai ba ni tausayi. Mu a nan, ba a shiga ofishin babba a ce masa "ranar kaza nake so". Sai an gaisa, an tambayi iyali, sannan a ce: "Yallaɓai, wata alfarma na zo nema, in Allah ya ba ka lokaci." Shi kuma ya ce babu komai, in sha Allahu. Wannan ladabi namu ne, ban ce a bar shi ba. Amma makarantar saƙo za ta aika wa yallaɓai ta imel, da Ingilishi, da tambayoyin da sai ya zauna ya amsa da misalai: yaushe ka jagoranci wani aiki, wane gyara ya taɓa yi maka, yaya ka karɓa. Mutumin da ya saba buga hatimi kan layi uku na "yaron kirki ne, mai ƙwazo" yana bukatar a zauna da shi a bayyana masa abin da ake nema, a tuna masa ayyukan da kuka yi tare, a ba shi wata biyu, a kuma leƙa shi sau biyu ko uku ba tare da an ƙure shi ba. In ka zo masa saura kwana biyar, ko dai ya ƙi cikin ladabi, ko ya ce ka rubuta ya sa hannu, abin da makarantun suka hana kuma masu karanta dosiye suka iya ganewa.

Akwai masu cewa duk wannan surutu ne, maki shi ne gaba. Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma ta fi ƙarfi a kanmu fiye da kan ɗan Indiya ko ɗan Amurka. Mai tantancewa a can bai san jami'armu ba. In ya ga 13 bisa 20 yana iya ɗauka ɗalibi ne mai rauni, bai san cewa a wurin wasu malamanmu 13 sai an yi gumi ba. Makin GMAT ne ma'aunin da ya sani, shi ne zai sa ya yarda da sauran takardun. Tallafin karatu ma yakan bi maki mai kyau, mu kuwa in babu tallafi babu tafiya. Duk na yarda. Abin da wannan hujja ke nunawa shi ne a ba jarrabawa lokacinta cikakke, da wuri, ita kaɗai. Ba ta nuna a haɗa ta da dosiye cikin wata ɗaya ba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Dokokin jarrabawar ma sun ba da wannan dama. Makin GMAT da na GRE shekara 5 suke yi suna aiki. Makarantun MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, kuma ma'aikata suke so, waɗanda suka yi wasu shekaru a bakin aiki. Ke nan wanda ya gama lisans bana, lissafi bai huce a kansa ba, bai yi aure ba, ofis bai fara riƙe shi har magariba ba, yanzu ne lokacin da ya fi dacewa ya zauna jarrabawar, ya ajiye makinsa, ya nemi makaranta bayan shekara uku. TOEFL da IELTS su ne shekara 2 kawai, sai a bar su kusa da lokacin nema. Kaɗan ne ke yin haka, saboda mutum ba ya tuna jarrabawa sai ya ga abokinsa ya sa hoton makaranta a Facebook.

Wanda wannan dama ta wuce shi fa, yana aiki, kuma bana yake son nema? Ya ɗauki ranar rufewa ya ƙirgo baya. Ba a sake zama GMAT sai bayan kwana 16, GRE kuma kwana 21, kuma kowacce sau 5 kawai aka yarda cikin wata 12. Sakamakon GRE na hukuma yana ɗaukar kwana 8 zuwa 10 kafin ya fito. Saboda haka zaman farko ya kamata ya kasance aƙalla wata biyu kafin rufewa, don a sami sararin gyara sau ɗaya, a kuma bar watan ƙarshe ga rubutu. Na ce sau ɗaya da gangan. Kuɗin zama ɗaya na GMAT yana wajen dalar Amurka 275 zuwa 300, sama da jika 150 na sefa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42. In za ka yi ta a gida ta intanet, kana bukatar ɗaki shiru, wuta da layin da ba za su yanke ba na fiye da awa biyu. Wanda ya san Yamai a watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40 ana ɗauke wuta, ba zai sa ranarsa a nan ba sai da tanadi. In kuma cibiyar jarrabawa za ka je a Abuja, Legas ko Accra, ga kuɗin hanya da masauki da izinin wurin aiki. Shawarar "ka yi ta maimaitawa har maki ya hau" da ake karantawa a intanet, ba don aljihunmu aka rubuta ta ba.

Kuma tun ranar da aka buɗe littafin farko ya kamata a aika neman takardun jami'a, a duba fasfo, a gaida masu rubuta shaida. Waɗannan ba sa cin kwakwalwa, jira suke ci, jiran kuma yana iya tafiya kai kana karatu.

Sai tambayar da ke hana mutane barci a ƙarshen Agusta: maki bai kai ba, in tura a zangon farko ko in jira na biyu? Ni dai ina ganin a jira. Dosiye mai ƙarfi a Janairu ya fi mai rauni a Satumba, kuma in aka ƙi ka, yawanci sai wata shekara. Amma jiran ya tsaya a Janairu. Zango na uku ba namu ba ne: kujeru sun ragu, an raba mafi yawan tallafi, ga biza a gaba. Batun biza kuwa ya ƙara nauyi tun bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon Janairun 2024, don haka mai son Faransa dole ya binciki hanyar da zai bi tun kafin ya biya kuɗin TAGE MAGE, ba bayan an ɗauke shi ba.

Wannan ya kawo ni ga kuskuren da ya fi duka tsada, wato fara karatu kafin a zaɓi makaranta. Za ka ga matashi da littafin GMAT, da tsofaffin tambayoyin TAGE MAGE, yana kuma jiran sanarwar gasar shiga CESAG ta Dakar, makarantar da ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO. Uku ɗin ba hanya ɗaya ba ce, harshensu ma ba ɗaya ba. Wanda burinsa aikin banki ko akanta a yankin sefa, CESAG na iya fi masa amfani da sauƙin kuɗi fiye da makarantar da zai ci bashin shekaru a kanta. Wanda kasuwancinsa ke tsakanin Konni, Maraɗi da Kano, ya dubi makarantar kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero, ko ta Legas, ya karanta sharuɗɗansu da idonsa. Wata makarantar tana da jarrabawarta ta kanta, wata tana yafe GMAT ga mai dogon aiki. Awa biyu na karanta shafin kowace makaranta, da takarda ɗaya da aka rubuta ranaku da abin da kowacce ke so, suna iya nuna wa mutum cewa jarrabawar da ya yi wata uku yana shirya wa ba a ma tambaye shi ita ba.

Jami'o'inmu ma suna da abin yi a nan, kuma ba mai tsada ba ne. A sanya wa'adi sananne na fitar da takardar sakamako, a manna shi a ƙofa, a kuma bar mutum ɗaya a ofishin cikin watan Agusta. Sassan tattalin arziki na Yamai da Tahoua su riƙa tara ɗaliban shekarar ƙarshe sau ɗaya, su kira tsofaffin ɗaliban da suka bi wannan hanya su faɗa musu ranaku da kuɗi da takardu. Tunda kundin sake gina ƙasa na 2025 ya sa Ingilishi cikin harsunan aiki tare da Faransanci, fitar da takardar sakamako cikin harsunan biyu bai kamata ya gagara ba, kuma zai rage wa ɗalibi kuɗin mai fassara da makonnin jiransa.