Idonka ba ya motsi a ɓoye

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Kafin ka ci gaba da karatu, ɗauko madubi. Kalli idonka na dama, ka koma na hagu, ka sake dawowa. Ko sau nawa ka gwada, ba za ka ga ƙwayar idonka tana tafiya ba, alhali wanda ke tsaye a gabanka yana ganin wulgawarta sarai. To yanzu rufe ido ɗaya, ka sa yatsa a gefen fatar ɗayan, ka ɗan tura a hankali. Ɗakin ne zai girgiza, bango da ƙofa da labule duk su gusa. Subhanallah! Ido ya motsa da kansa, duniya ta tsaya cik. An motsa shi da yatsa, duniya ta yi rawa.

Ido ba ya zama wuri ɗaya. Kusan sau 3 yake tsalle a kowace daƙiƙa, tsokoki 6 na jan kowace ƙwaya, domin wurin da yake gani tar ɗan ƙarami ne, bai wuce faɗin farcen babban yatsanka ba idan ka miƙe hannu. Da kyamarar waya ce ake fizgarta haka, ba mai iya kallon bidiyon sai jiri ya kwashe shi. Amma kai tun da aka haife ka haka idonka yake yi, ba ka taɓa sani ba.

Ga hikimar da Allah Ya ajiye a ciki. Duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta umarci ido ya juya, sai ta riƙe kwafin umarnin ta aika wa sashen gani, tamkar ta ce masa: mu ne za mu motsa, ba ɗakin ba. Yatsa kuwa ba ya zuwa da wannan sanarwa, shi ya sa ƙwaƙwalwa ta ɗauka bangon ne ya gusa. Wani masani Bajamushe mai suna Helmholtz ya kafa hujja da wannan gwaji na yatsa tun a ƙarni na 19. A 1983 Richard Andersen da Vernon Mountcastle suka binciki ƙwaƙwalwar birai a Amurka, suka tarar da wasu ƙwayoyin halitta na ƙwaƙwalwa ta sama wajen bayan kai waɗanda ke amsawa idan hoton abu ya faɗo wani gurbi a cikin ido, amma ƙarfin amsar yana sauyawa gwargwadon inda idon ya fuskanta. Wato labari biyu ake haɗawa, inda hoton ya faɗo da inda ido ya dosa, sai a fitar da inda abin yake. Da wannan lissafin uwa ke duban tukunya, ta waiga ga yaron da ke rarrafowa wajen murhu, hannunta kuma ya sauka daidai kan ludayin da ta ajiye. A 1992 kuma Michael Goldberg da abokan aikinsa suka nuna cewa wasu ƙwayoyin suna fara shirin abin da za a gani tun ido bai tashi daga inda yake ba.

Wannan na ƙarshen shi ya hana ni sakat. Labarin kallo yana riga kallon isa, a cikin kan bawa, wanda halitta ne mai rauni. To ina ga Wanda Ya ƙera idon? Allah Yana cewa a Suratu Gafir, aya ta 19: "Yana sanin ha'incin idanu da abin da ƙiraza ke ɓoyewa." Satar kallon nan da muke yi ta wutsiyar ido a kasuwa ko a cikin motar haya, da wanda muke yi a waya bayan kowa ya yi barci, jikinmu ma ya san da shi. Jarir ɗan Abdullahi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya tambayi Annabi (SAW) game da kallon ba-zata, sai ya umarce shi ya kau da idonsa, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Na farko ya zo maka ba shiri. Na biyu kuwa, ɗan'uwa, kai ka aiki idon.

Ni inda na fi jin tsoro shi ne sallah. Na sha yin kabbara, idona ya bi zanen darduma, ya hau agogon bango, ya leƙa wanda ya shigo a makare, sai a ruku'u na farga ban san surar da liman ya karanta ba. Nana A'isha ta tambayi Manzon Allah (SAW) game da waiwaye a sallah, ya ce fizge ne da Shaiɗan ke fizga daga sallar bawa. Bukhari ne ya ruwaito. Yau da Magariba na tsayar da idona a wurin sujada tun daga Fatiha, kuma kafin a kai ga amin sai da na dawo da shi sau uku.