American Ultra: fim ɗin da talla ta kashe wa kasuwa

A watan Agustan 2015 kamfanin Lionsgate ya saki American Ultra, ya tallata shi a matsayin barkwancin ɗan wiwi da ya wayi gari ɗan leƙen asiri. Masu neman dariya suka je suka tarar da jini, masu son fim ɗin faɗa kuwa ba su ko leƙa ba. A ƙarshen makon farko kimanin dala miliyan 5.5 ya tara a Amurka, alhali an kashe masa wajen miliyan 28. Ni dai ina ganin tallar ce ta cuce shi.

Mike Howell, wanda Jesse Eisenberg ya fito a matsayinsa, mai tsaron shago ne a wani ƙaramin gari na West Virginia. Ba shi da aiki sai busa wiwi da zane-zane, kuma duk sanda ya yi yunƙurin barin garin sai firgici ya turnuƙe shi, har tafiyar Hawaii da ya shirya don neman auren Phoebe ta wargaje a filin jirgi. Bai san hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ce ta horar da shi ta goge masa tunani ba, sai daren da mutum biyu suka far masa, ya gama da su da cokali da kofin taliya mai zafi. Abin dariyar, shi ya fi kowa ruɗewa da abin da hannunsa ya aikata.

Sunan fim ɗin yana nuni ne da MKUltra, shirin da CIA ta fara a 1953, inda ta riƙa ɗirka wa mutane ƙwayar LSD mai juya hankali ba da saninsu ba, har Majalisar Dattawan Amurka ta bincike shi a 1975. Wanda ya san wannan ba zai ɗauki shaye-shayen Mike a matsayin burgewa ba. Mutum ne da hukuma ta lalata, yana lallaɓa abin da ya rage masa.

Ƙarfin fim ɗin yana wurin soyayyar. Akwai inda suka ga mota ta daki bishiya, Mike ya fashe da kuka, wai Phoebe ce motar da ke tafiyarta, shi ne bishiyar da ta tsayar da ita. Kristen Stewart, wadda ta fito a matsayin Phoebe, da aka daɗe ana yi wa ba'a saboda fim ɗin Twilight, ita ta riƙe wannan ɓangaren, kuma sabonsu da Eisenberg tun fim ɗin Adventureland na 2009 ya fito fili.

Yana da aibu. Topher Grace ya cika ihu a matsayin mugun jami'in CIA, darakta Nima Nourizadeh kuma ya zubar da jini fiye da kima, don haka ba na kallo da yara ba ne. Amma ko a cikin makasan da ke farautar Mike akwai Laugher na Walton Goggins, wanda shi ma aka juya masa ƙwaƙwalwa, kuma hirarsa ta ƙarshe da Mike tausayinsa take sa ka ji.